Maraya a Gaban Mudun Jarrabawa

Ran da sakamakon jarrabawa ya fito, unguwannin Zongo na Kumasi ba su da wata hira sai tasa. Daga Aboabo zuwa Asawase, daga Sabon Zongo zuwa Akwatia Line, yara sukan yi cincirindo a shagunan masu kwamfuta, waɗansu kuma su duba a wayar yayyensu. Kafin la'asar kowane yaro ya koma lamba a bakin mutane. Wannan mai 8 ne, wancan mai 15, wancan kuwa mai 32. A wani gida ana guɗa, a wani gidan an saki labule an yi shiru.

A cikin masu shirun nan akwai waɗanda suka binne uwa ko uba a shekarar da suka zauna jarrabawar. Takardar sakamako tana ɗauke da suna, da lambar ɗalibi, da makin kowane darasi. Ba ta da gurbin da za a rubuta cewa yaron nan ya yi wata biyu yana jinyar mahaifiyarsa, ko kuwa cewa ran da ya rubuta lissafi kwana tara ke nan da rasuwar mahaifinsa. Wanda ya karɓi takardar a ofis lamba kaɗai yake gani, da ita kuma zai yanke hukunci.

Daga nan wata tambaya take tasowa wadda ta shafi kowane mai bi. Shin adalci ne a auna maraya da mudu ɗaya da yaron da iyayensa suke raye? Idan akwai rashin adalci a ciki, wa zai gyara, ta wace hanya kuma? Tambayar tana da wuya, gama akwai gaskiya a kowane gefe, mai saurin amsawa kuwa yakan cuci wani.

Abin da mutuwa take tafiya da shi

A ɗauki misali irin wanda kowane mazaunin Zongo ya taɓa gani. Yarinya ce 'yar shekara 15, tana aji na uku a ƙaramar sakandare, watau JHS. Mahaifinta mai gadi ne, mutumin wajen Bawku, mahaifiyarta kuwa tana sayar da koko da ƙosai a bakin hanya a Aboabo. Malamanta suna sa ran za ta fito da sakamako mai kyau ƙwarai. Ana saura wata huɗu jarrabawa uwar ta kwanta, ana saura wata biyu ta rasu.

Abu na fari da mutuwa ta ɗauke wa yarinyar nan shi ne lokaci, ta kuwa fara ɗauka tun uwar tana da rai. A asibiti 'yan'uwan majinyaci ne suke kawo abinci, su yi wanki, su je sayen magani, babbar 'ya mace kuma ita ake fara kira. Bayan rasuwa sai makoki. Musulmin Zongo sukan binne mamaci ba da jinkiri ba, sa'an nan a yi addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in. Kirista da yawa kuwa sun ɗauki al'adar maƙwabtansu mutanen Asante: gawa takan yi makonni a ɗakin ajiya, a yi taron cikar mako ɗaya, daga baya a yi babbar jana'iza. Waɗanda asalinsu arewa ne sukan kai gawa gida. Daga Kumasi zuwa Bolgatanga ya fi kilomita 500, Bawku kuma tana gaba. A duk kwanakin nan kujerar yarinyar a aji tana nan ba kowa, malami kuwa bai tsaya jiranta ba.

Abu na biyu shi ne kuɗi. Tukunyar kokon nan ita take biyan ƙarin darasi na yamma, da littafin tambayoyin shekarun baya, da wutar da ake karatun dare da ita. Albashin mai gadi a kuɗin ɗaki yake ƙarewa. Da aka dawo daga makoki sai gwaggonta ta ce, “'Yata, karatu ba zai gudu ba. Ki riƙe tukunyar nan tukuna, ƙannenki su ci.” Yarinyar ta ce, “To, Gwaggo.” Gwaggon ba muguwa ba ce, abin da idonta yake gani ta faɗa. Daga ranar yarinyar takan tashi ƙarfe huɗu na asuba ta hura wuta, ta isa makaranta a makare, ta yi gyangyaɗi a darasi na biyu.

Abu na uku shi ne natsuwa. Baƙin ciki yana cin hankali kamar yadda gara take cin azara, daga waje ba a ganin kome. Yarinyar takan karanta shafi ɗaya sau uku ta rufe littafi ba ta riƙe ko layi ba. Ta kuma rasa wata murya. Uwar ba ta iya karatu ba, amma ita ce mai tambaya kowace yamma ko an gama aikin gida, ita ce mai ɗaura zane ta tafi ganin malami idan an kira iyaye. Da sakamako ya fito, yarinyar da aka sa wa ran 10 ta fito da 27.

Yadda lamba ɗaya take bin yaro

Domin a gane nauyin lambar nan sai a dubi tsarin karatu na Gana. Tun gyaran da aka yi wa ilimi a 1987, ɗalibi yakan bi ta ƙofa biyu masu ƙunci kafin ya kai jami'a. Ta fari ita ce jarrabawar BECE, wadda aka fara a 1990. Hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma, WAEC, wadda aka kafa a 1952, ita take shirya ta. Ana ba da maki daga 1 zuwa 9 a kowane darasi, 1 shi ne mafi kyau. Sai a haɗa darussa 6: Turanci, lissafi, kimiyya, nazarin zaman jama'a, da waɗansu 2 da ɗalibi ya fi ƙoƙari a cikinsu. Jimla mafi kyau ita ce 6. Yadda lamba take girma, haka daraja take raguwa.

Tun 2005 kwamfuta ce take rarraba ɗalibai a manyan makarantun sakandare, bisa ga sakamakonsu da makarantun da suka zaɓa. An kawo tsarin ne domin a rage son kai wajen ɗaukar ɗalibai, wannan kuwa niyya ce mai kyau. Amma kwamfuta ba ta zuwa gaisuwar mutuwa. Makarantun da kowa yake nema a Kumasi, kamar su Prempeh College da aka buɗe a 1949, da Opoku Ware da St. Louis da ikkilisiyar Katolika ta buɗe a 1952, masu ƙananan lambobi ne suke cika su. Mai 27 takan sami makarantar da ba ta da isassun malaman kimiyya ko kayan gwaji, ko kuma a ba ta fannin da ba shi take so ba.

Ƙofa ta biyu ita ce WASSCE, wadda ta maye gurbin SSSCE a Gana a 2006. A nan maki yakan tashi daga A1 zuwa F9. Mai neman karatun digiri dole ya sami tsakanin A1 da C6 a darussa 6, D7 guda ɗaya a Turanci ko lissafi ya isa ya tsai da shi a waje. A fannoni irin su likitanci a jami'ar KNUST, sau da yawa sai mai jimla 6 ko kusa da haka yake samun gurbi. Zongon Ayigya yana kallon jami'ar nan, hanyar Akra ce kawai ta raba su, amma yaro yana iya girma yana ganin ƙofarta kowace safiya bai taɓa shiga ba. Ta haka wata huɗu na jinya da makoki sukan bi mutum har tsufansa.

Masu bincike ma sun auna abin nan. A ƙasar Kenya, David Evans da Edward Miguel sun bi yara fiye da 20,000 har shekara 5, suka buga sakamakon a 2007. Sun tarar zuwa makaranta yana raguwa sosai bayan mutuwar uwa ko uba, yana ma fara raguwa tun lokacin jinya. Raguwar ta fi tsanani idan uwa ce ta rasu, ta kuma fi faɗa wa yaran da dama karatunsu yake da rauni. A yankin Kagera na Tanzaniya an bi waɗansu yara tun farkon shekarun 1990 har zuwa 2004, aka ga waɗanda suka rasa uwa sun yi asarar wajen shekara ɗaya ta karatu. Wani binciken na 2004 da ya haɗa ƙasashen Afirka 10 ya nuna cewa maraya bai kai sauran yaran gidan da yake zaune samun shiga makaranta ba, kuma yadda dangantakarsa da maigidan take da nisa, haka rabonsa yake raguwa. Duk wannan ba sabon labari ba ne ga tsofaffin matan Zongo, sai dai yanzu an rubuta shi da lambobi.

Masu cewa a sassauta da masu cewa a'a

Waɗansu masu tausayi suna cewa a ƙara wa maraya maki. Hujjarsu ita ce, an shirya jarrabawa domin a gane ƙwazon ɗalibi. Idan abin da ta auna a wannan shekara baƙin ciki ne da rashin barci, to, mudun ya yi ƙarya, gyara shi kuma ba laifi ba ne. Suna da misali daga Ingila, inda hukumomin jarrabawa sukan ƙara wa ɗalibin da mutuwar na kusa ta same shi dab da jarrabawa har kashi 5 cikin 100 na makin takardar, idan makarantarsa ta nema masa.

Waɗansu kuwa suna cewa a'a, su ma suna da hujja. Takardar sakamako shaida ce ga jama'a cewa mai ita ya san abu kaza. Majinyacin da aka kwantar a asibitin Komfo Anokye ba zai tambayi likita ko shi maraya ba ne, abin da yake bukata shi ne likitan ya san aikinsa. Sa'an nan maraya ba shi kaɗai yake ɗauke da kaya ba. Akwai yaron da ubansa yake raye amma giya ta cinye shi, akwai wanda uwarsa take dako a Kejetia ba ta da ɗakin kwana, akwai wanda ubansa ya tafi ramin zinariya shekara uku ba labari. Idan aka ƙara wa ɗaya, da wane dalili za a hana sauran? Ran da kuma takardar shaidar mutuwa ta zama mai kawo maki, za a sami masu kashe iyayensu a takarda alhali suna zaune a gida.

Littafi Mai Tsarki bai bar masu bi cikin duhu a kan wannan ba. A Littafin Firistoci 19:15 an hana mai shari'a nuna son kai ga babba, an kuma hana shi nuna son kai ga matalauci. A Maimaitawar Shari'a 25:13-16 an hana mutum ajiye ma'auni iri biyu a jakarsa. Saboda haka malamin da tausayi ya sa shi ya raɗa wa maraya amsa a ɗakin jarrabawa, ko ya canja masa maki, ya yi shaidar zur, ya kuma cuci yaron da yake zaune kusa da shi wanda ya yi aikinsa da gaskiya. Ya cuci marayan ma, gama makin da aka ƙara ba ya sa ilimi a ka. Wadda ta rasa wata biyu na lissafi za ta tarar da ramin nan yana jiranta a aji na gaba. Ko mutanen Ingila da suka yarda da ƙari sun tsai da shi ƙanƙane, a fili kuma bisa doka, domin sun san mudu ba zai iya biyan abin da mutuwa ta ɗauka ba.

Har zuwa nan masu cewa a'a sun yi gaskiya. Mai gyaran takarda ya ba da makin abin da aka rubuta. Kuskurensu yakan zo ne sa'ad da suka ɗauka cewa da wannan magana ta ƙare.

Babu maraya sai rago?

Hausawa sun ce babu maraya sai rago. Akwai magani a cikin karin maganan nan. Yana hana maraya ya kwanta ya ce tasa ta ƙare, yana tuna masa cewa hannunsa da ƙwaƙwalwarsa ba a binne su tare da iyayensa ba. Zongo kuwa yana da malamai da ma'aikatan jinya da 'yan kasuwa waɗanda suka tashi ba uwa ko ba uba.

Amma magani ɗaya yana iya zama dafi bisa ga hannun da ya ba da shi. Idan maraya ne ya faɗa wa kansa, ƙarfafawa ce. Idan kuwa ƙoshasshe ne ya jefe shi da ita, wanda bai taɓa taka ƙofar gidansu ba tun da aka watse daga makoki, to, ya mai da hikimar kakanni ta zama abin wanke hannu. A bincika labarin kowane marayan da ya yi nasara, za a tarar da wani a tsaye a bayansa. Esta marainiya ce, ba uwa ba uba, amma Mordekai ɗan'uwanta ya ɗauke ta kamar 'yarsa (Esta 2:7), bai daina zuwa tambayar lafiyarta ba ko bayan da aka kai ta fada. Maƙwabta Musulmi ma suna tuna cewa Annabinsu ya tashi maraya, kakansa ya riƙe shi, daga baya baffansa.

Yesu Almasihu ya nuna wa almajiransa wani irin lissafi sa'ad da ya zauna yana duban masu zuba baiko a Haikali (Markus 12:41-44). A ƙirga, 'yan kuɗin gwauruwar nan ba su fi na mawadata yawa a cikin akwati ba. Ma'aji da zai ƙirga, biyu zai samu, ba zai kuwa yi ƙarya ba. Ubangiji ya dubi abin da aka fitar da kuɗin daga cikinsa. Haka 27 ɗin yarinyar Aboabo 27 ce a takarda, amma wanda ya san daga inda aka fitar da ita ba zai kira mai ita raguwa ba.

Alƙali da mai gona

Shari'ar da ta hana alƙali karkata ita ce kuma ta umarci mai gona kada ya kwashe gonarsa tas. Damin da aka manta, da abin da ya rage a itacen zaitun da kurangar inabi, an ce a bar wa baƙo da maraya da gwauruwa (Maimaitawar Shari'a 24:19-21). Manoman ƙasar Hausa sun san wannan, suna kiransa kala. Abu biyu ne abin lura a nan. Na ɗaya, ba a bar kala ga ganin damar mai gona ba, umarni ne. Na biyu, ba a kai wa maraya hatsin har gida a sussuke ba. Shi zai sunkuya ya tsince da hannunsa, abin da aka ba shi shi ne filin da zai yi aikin.

A nan amsar tambayar take. Mudun jarrabawa ya zauna ɗaya ga kowa. Amma mudu ɗaya ba ya cika adalci sai an mayar wa maraya abin da zai zo gaban mudun da shi, watau lokaci, da abinci, da fitila, da babba mai tambaya. Wannan ba aikin mai gyaran takarda ba ne. Aikin waɗansu mutum biyu ne: mai tsaron ƙofar makaranta, da maƙwabci.

Mai ɗaukar ɗalibai ko mai ba da tallafin karatu ba alƙalin abin da ya wuce kaɗai ba ne. Tambayarsa ita ce, wa zai fi amfani da kujerar nan a shekaru masu zuwa? Saboda haka yana da iko ya dubi abin da yake bayan lamba. A Gana an riga an yarda da wannan a wani fanni. A 2003, zamanin shugabancin Farfesa Kwesi Andam, jami'ar KNUST ta fara keɓe gurabe domin ɗalibai masu ƙwazo daga makarantun da ba su da kayan aiki. Daga 2017 kuma aka keɓe kashi 30 cikin 100 na guraben fitattun makarantun sakandare domin yaran makarantun gwamnati. Waɗannan shirye-shirye suna duban makarantar da yaro ya fito. Abin da ya faru a gidansa kuwa, sai an sami mai ba da shaida. A Amurka jami'o'i da yawa sukan ba mai nema wurin bayyana abin da ya same shi, su kuma karanta wasiƙar malaminsa.

Wani zai ce kujerar da aka ba wannan an hana wancan ke nan. Gaskiya ne, shi ya sa dole iyakar abin ta kasance a fili. Ba a ce a ɗauki wanda bai kai matsayin iya karatun ba. Amma idan mutum biyu suna kusa da juna, ɗaya ya sami 8 a gida mai fitila da abinci, ɗaya ya sami 10 yana dafa wa ƙannensa, mai hankali ya san wanda ya nuna ƙarfin ɗaukar kaya. Shaidar kuma dole ta zama gaskiya. Fasto ko fada ko katikis da ya sa hannu a wasiƙar ƙarya domin ɗan wani dattijo ya rufe ƙofa ga marayu goma da za su zo bayansa.

Ƙofofin da suke jiran mai rakiya

Akwai taimakon da ya riga ya kasance, wanda gidajen makoki da yawa ba su sani ba. Tun Satumba 2017 babbar sakandare ta gwamnati kyauta ce, ko da yake akwati da katifa da bokiti da kuɗin mota suna kan iyali. Tun 2008 shirin LEAP yake ba matalautan gidaje masu riƙon marayu ɗan kuɗi. Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu ya kafa asusun ilimi a 1999 domin ɗalibai masu ƙwazo marasa gata. A 2022 asusun rancen ɗalibai ya daina neman mai tsaya wa ɗalibi, katin ɗan ƙasa ya isa, wannan kuwa ya sauke wa marayu babban dutse, gama su ne suka fi rasa mai tsayawa. A 2025 gwamnati ta fara biyan kuɗin karatun shekarar fari a manyan makarantunta. Dokar gado ta 1985, wadda ake kira PNDC 111, ta ce idan mutum ya mutu bai bar wasiyya ba, gidansa da kayan ɗaki na abokin aurensa da 'ya'yansa ne, a sauran dukiyar kuma 'ya'ya suna da kashi 9 cikin 16. Wanda ya faɗi WASSCE yana iya sāke rubutawa a jarrabawar masu zaman kansu, wanda kuma ya kai shekara 25 yana iya neman jami'a ta hanyar jarrabawar manya.

Ko ɗaya daga cikin ƙofofin nan ba ta zuwa gida ta yi sallama. Kowacce tana neman takarda, da sa hannu, da wanda ya san ranar rufewa, da wanda zai bar aikinsa ya tsaya a layi. A dā uwa ko uba ne suke yin wannan. Yarinya 'yar shekara 15 mai tashi ƙarfe huɗu ba za ta iya ba.

Abin da ya rage wa ikkilisiya

A Kumasi ba a wasa da jana'iza. Ana kafa rumfuna, a jera kujeru, a ɗinka anko, a buga hoton mamaci, a ajiye tebur inda ake karɓar gudunmawa ana faɗar sunan mai bayarwa a lasifika. Girmama mamaci abu ne mai kyau. Amma abin kunya ne a kashe a yini ɗaya abin da zai kai ɗan mamacin ƙarshen sakandare, sa'an nan a bar yaron ba kuɗin motar komawa makaranta. Wasiƙar Yakubu 1:27 ta sa ziyarar marayu da gwauraye cikin wahalarsu a tsakiyar addini na gaskiya. Wahalar maraya kuwa takan fara sosai ne ran da aka naɗe rumfuna.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin ƙaramar ikkilisiya ba. Kafin a raba kuɗin gudunmawa, a fitar da rabon karatun yara, a rubuta a littafi, a danƙa wa amintattu biyu. Sa'ad da dangi suke sa ranar jana'iza, dattawan ikkilisiya su tuna musu da ranar jarrabawa. A cikin makon rasuwa wani ya je ya sanar da shugaban makaranta, kada malami ya ɗauka yaron ya lalace ne. A karɓi takardar shaidar mutuwa daga ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, a adana ta tare da sakamakon zangunan baya, gama su ne za su nuna yadda yaron yake kafin masifa. A roƙi dangi kada su ɗauke yaro daga makarantarsa a shekarar jarrabawa, ko da wani gidan masu bi ne zai riƙe shi wata shida. Zumuntar mata su yi karɓa-karɓa a kan tukunya har a gama jarrabawa. A buɗe ɗakin sujada da yamma, a kunna wuta, matasan da suka yi karatu su zauna da yara. Wanda ya faɗi a biya masa ya sāke, ba tare da gori ba. Fiye da kome, kowane maraya ya sami babba guda ɗaya da aka kira sunansa a gaban jama'a, wanda zai riƙa tambayarsa karatu har ya gama. An ce ɗa na kowa ne, amma abin da aka bar wa kowa sau da yawa ba mai yinsa. Kada kuma a tsaya ga 'ya'yan masu bi kaɗai, gama a gidan haya na Zongo bango ɗaya ne yake raba ɗakin Kirista da na Musulmi.

A 2 Sarakuna 4:1-7 akwai gwauruwa wadda mai binta bashi yake shirin kwashe 'ya'yanta biyu. Abin da ya rage mata ɗan mai ne a tulu. Annabi Elisha bai soke bashin ba, bai kuma ce mai bin bashin ya rage lissafinsa ba. Ya aike ta wurin maƙwabta ta aro tandaye, man kuwa ya yi ta zuba har tandun ƙarshe ya cika, sa'an nan ya tsaya. Allah ne ya ba da man, amma yawansa ya tsaya daidai inda tandayen maƙwabta suka ƙare. Marayun Zongo suna da ɗan mansu, watau ƙwazon da Allah ya ba su. Ubangiji, Uban marayu, ya ba ikkilisiyarsa zuciyar da za ta fito da tandayenta tun kafin ranar jarrabawa ta zo.